Kifin Shafi na Talatin da Ɗaya

A laburaren garinmu tsofaffi ba sa yarda da kawunansu. Sai ki ɗauki littafi ki kai gida, ki haɗa shayi, ki ci shafi arba'in, sannan ki gane tun bara kika karanta shi. Shi ya sa kowa yake da alamar da yake yi da fensir. Wata tana zagaye lambar shafi na bakwai, wani yana ɗigo uku a cikin bangon littafi. Ni tauraro nake yi a shafin ƙarshe, irin wanda na sassaƙa a ƙotar wuƙata lokacin da nake gyaran kifi a masana'anta. Catriona mai kula da laburaren ta san muna yi, kawar da kai kawai take yi.

Da mijina Dougal ya rasu, bayan wata biyar a gadon asibiti a Aberdeen, karatu ya fita daga raina. Idona yana kan layi, hankalina yana can ɗakin da na'ura ke ƙara. Ga marubutan nan kamar ba su da aiki sai kwantar da mutane a asibiti su kashe. Sau uku ina wurgi da littafi, na ukun har ya fasa min gilashin hoton aurenmu.

Wata Talata na ɗauki wani littafi don ƙanƙantarsa kawai, labarin wasu 'yan'uwa biyu da ba sa ga maciji, waɗanda dole ta sa suka ɗauki fiyanon mahaifiyarsu, ƙaton abin kiɗan nan mai nauyi, suka ƙetare tsibiri da shi. A shafi na talatin da ɗaya na ga ɗan kifi da fensir, da ɗigon idonsa. Kwana biyu na gama littafin, kuma na yi dariyar da rabona da irinta tun kafin ciwon Dougal.

Daga nan na shiga farautar kifi. Na lura iri biyu ne: marar ido yana nufin an karanta, ba yabo ba fallasa, mai ido yana nufin ɗauki, ba za ki yi nadama ba. Na gwada marar ido sau biyu don taurin kai, na ga gaskiyar mai zanen. Shekara uku ina bin kifi mai ido. Ya kai ni ga labarin wani ma'aikacin gidan waya da yake raba wasiƙu a ƙauyen da ya rage mutum tara, ya kai ni ga na wata mata da ta ci gadon awaki sittin ba ta taɓa tatsar ko ɗaya ba. A duk tsawon lokacin ban ci karo da gadon asibiti ba ko sau ɗaya, na ɗauka sa'a ce.

Garin masunta ne namu, kowa zai iya zana kifi. A raina na ƙera wani dattijo, tsohon malamin makaranta, mai gemu da rigar ulu mai kyau. Har na fara taje kaina kafin in je laburare, abin kunya.

Sai kifin ya soma canjawa. Ya ƙara girma, jelarsa ta karkace, wani lokaci ya hau kan rubutu. Da kaka ta shigo ya ɓace daga sababbin littattafai gaba ɗaya. Hankalina ya tashi ƙwarai. Wannan mutum shi ya fito da ni daga rami, ga shi zai tafi ban ce masa na gode ba.

"Catriona, wa ke zana kifin nan?"

"Misis Rennie, kin san ba zan faɗa ba. So kike a kore ni?"

"To yana da rai?"

"Ni ban ce miki namiji ba ne, ban ce mace ba ce." Ta ci gaba da buga hatiminta.

Bayan mako biyu ta ɗora min wata jaka a kan kanta. Ta ce faifan littattafai ne na sauraro, na waɗanda ba sa iya fitowa daga gida, mai kaiwa kuma mura ta kwantar da ita. "Gida mai lamba sha biyu, ai a hanyarki yake."

A hanyata yake mana, katanga ɗaya ce tsakaninmu. Gidan Senga Duthie ne. Tare muka yi aiki a masana'anta, amma shekara goma sha huɗu ba ma magana, saboda tana watsa wa tsuntsayen teku ɓawon burodi, su kuma su zo su sauke abin da suka ci a kan shanyata. Ranar jana'izar Dougal ta zo ta tsaya can baya, ta tafi ba ta ce min uffan ba. Na riƙe wannan a zuciya, na ƙara a kan na tsuntsaye.

Na ɗauki jakar ina gunaguni har ƙofarta. Ta buɗe, ta kalli gefen kafaɗata.

"Wace ce?"

"Ni ce, Ishbel. Kayanki ne daga laburare."

"Ajiye a tebur. Kada ki taka min kyanwa."

A teburin kicin akwai littafin laburare, da gilashin ƙara girman rubutu, da guntun fensir. Hannuna ya riga ya saba, kafin in ankara na buɗe shafi na talatin da ɗaya. Ga kifi nan, ƙato, a karkace, babu ido. Na zauna a kujerarta ba a ce in zauna ba.

"Ke ce?"

"Da wa kika zata? Na ji kin buɗe shafin, ai kunnena lafiya lau." Ta laluba ta kunna butar shayi. "Shekara uku ina ganin tauraronki yana bin bayan kifina kamar ɗan kwikwiyo. Tauraron wuƙarki ne, ko a mafarki na gan shi zan gane."

"Kin sani, kika yi shiru?"

"In ce miki me? Ranar jana'iza na zo da magana a bakina, na ga fuskarki, na haɗiye abata. Kin san halinki." Ta ɗauko kofi biyu, ta kusa sakin ɗaya. "Da na ga kin ɗauki na masu fiyano, sai na tafi da abin goge fensir. Yini biyu ina bin kantoci. Duk littafin da aka kwantar da wani a asibiti na goge masa ido, har da waɗanda nake so. Akwai ɗaya da ya fi duka kyau, sai da na yi ƙwalla ina goge idon kifinsa."

Kunya ta rufe ni, daɗi kuma ya cika min ciki, na kama kuka a kicin ɗin matar da na taɓa kai ƙararta ofishin gunduma kan tsuntsaye.

"Na gode, Senga. Ban san yadda zan faɗa ya isa ba. Ke kika riƙe ni."

"To ya isa, kada ki jiƙa min littafin mutane. Madara kike sawa har yanzu?"

Likitan ido ya gaya mata tsakiyar ganinta ya tafi, ba zai dawo ba. A shafi na casa'in ta tsaya a wannan littafin, wata biyu ke nan. Faifan kuwa ta ce ba ta so, wai wani ɗan Landan ne yake karatu ta hanci. Na sa tabarau na ɗora daga inda ta tsaya, ina karanta mata. Yamma huɗu muka yi, tana katse ni, wai ina gudu kamar ana kora ta, wai ban iya muryar maza ba.

Ranar Juma'a na rufe littafin. Tsuntsayenta suna ta ihu a kan rufin, ga zanin gadona a igiya.

"Ya cancanci ido?" na tambaye ta.

"Ya cancanta. Akwai wadda za ta zo bayanmu tana nema." Ta laluba ta ɗauki fensir. "Ba na ganin kan kifin. Kama hannuna ki kai ni."

Na kama hannunta, mai sanyi, da tabon wuƙa irin nawa a babban yatsa. Na kai bakin fensirin inda ya kamata, ita ta danna.