Layin Baba Maƙeri

"Maimaita, ban ji ba," in ji Baba Maƙeri daga kan katifa. "Me kike koya musu?"

"Layi, Baba."

"Layi. Shekara guda cur? Kuma da saninsu iyayensu suka turo su?"

Malama ta gyara zama. Shekara tara katanga ɗaya ce tsakaninta da tsohon maƙerin azurfan, amma sai yau ta kawo masa ɗalibanta, bayan likita ya sallamo shi gida ba tare da rubuta sabon magani ba. Ba tausayi kaɗai ya kawo ta ba. Ran Alhamis kwamitin kwaleji zai zauna kan kwas ɗinta na zanen kayan ado, kuma shugaban sashe ya riga ya gaya mata, da murmushinsa, cewa soke shi za a yi. Hujjarsa ita ce shekara uku ana zana layuka masu kyau a takarda, ba a taɓa samun ɗan kunne ɗaya da mace za ta iya sawa ba. Abin haushin, gaskiya ya faɗa.

Ɗalibai shida suka cika ɗakin. Wanda suke kira Sarkin Zane ya miƙa takardarsa da hannu biyu. Tsohon ya kai ta daf da hanci.

"Wannan kwanar, wa zai sha ta?"

"Azurfa, Baba."

"Ka tambaye ta?"

Ya sa 'yarsa ta ɗauko naɗin wayar azurfa, ta yanka wa kowa kamu biyu. "Ku ajiye fensir. Ba yanka, ba liƙi. Inda ta yarda ta bi, nan ne layinku. Takarda daga baya."

Ba a yi minti biyar ba aka ji ƙas.

"Ta karye," in ji Sarkin Zane.

"Ba ta karye ba, ɗana, karya ta ka yi. Waya in ta sha lanƙwasa taurin kai take yi, kamar surukata, Allah ya ji ƙanta. Da ka ji ta fara musu a yatsanka, ka kai ta wuta ta yi ja, ta sauko, sannan ku ci gaba da magana."

Malama tana da digiri biyu a kan wannan batu. Ta ciro biro ta rubuta.

Kwana uku suka yi a tsakar gidan, daga hantsi zuwa la'asar. Tsohon ba ya iya tashi, sai dai a kawo masa aiki, ya shafa da babban yatsa ido a rufe, ya ce "ƙarya" ko ya yi shiru. Shirun ne yabon. A rana ta uku muryarsa ta kusa ɗaukewa, amma "ƙarya" na fita tar.

Ran Alhamis Malama ba ta karanta jawabin shafi goma da ta shirya ba. Tiren aikin ɗalibanta kawai ta ajiye a tebur. Wata farfesar lissafi, wadda aka sa a kwamitin don ta cike kujera, ta ɗauki 'yan kunnen Sarkin Zane, kowanne waya ɗaya tal da ta zagaye kanta sau uku ta koma ƙugiya. Ta sa, ta duba fuskarta a gilashin taga, ta ƙi cirewa.

Shugaban sashe ya yi gyaran murya. "Wannan sabon salon koyarwa ne da muka daɗe muna nazari a sashenmu."

Ba a soke kwas ba. Har ɗaki aka ƙara mata, mai murhu.

Da yamma ta shiga wajen tsohon ko jaka ba ta ajiye ba.

"Baba, mun ci! Wai sabon salo ne."

"Sabo?" Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, 'yarsa ta tallafo kansa. "Kakana ya yi gaggawar mutuwa. Da yanzu farfesa ne."

Ranar Asabar da safe ya cika.

Bayan mutane sun watse, 'yar ta ce Malama ta ɗauki teburin aikinsa ta kai sabon ɗakin, ya bar wasiyya. Suka kwashe awartaki da guduma, suka kaɗe ƙura. A bakin katakon, inda ya shekara hamsin yana jan waya, akwai wani siririn kwari da ya yi santsi, daga wannan gefe zuwa wancan. Malama ta sa ɗan yatsa a ciki, ta bi shi a hankali har ƙarshe.