Damin Furannin Clovis na Biyu

An ce ranar da gwamnati ta soke dokar da ta wajabta wa kamfanonin mai duba ƙasan teku kafin su shimfiɗa bututu, Clovis Pitre ya taka rawa a kwatar garinmu, nan gaɓar Louisiana a Amurka. Wai murnar jikansa zai samu aiki. Ni da na tsufa ina koyar da tarihi, na san Clovis bai taɓa rawa don wani ba.

Shi ne ya dawo daga teku shekarun baya ya ce guguwa ta haɗiye ƙanena Ozeme da jirginsa can kudu, inda zurfi ya hana nutso. Kowa ya yarda. Ni dai ban yarda ba.

Ranar da fadan cocinmu ke sa wa jiragen kamun jatan lande albarka, kowa kan jefa wa mamatansa furanni a ruwa. Clovis ya jefa tare da mu, amma na hango wani damin ƙarƙashin kujerar jirginsa. Na kira Renella, tsohuwar ɗalibata mai sana'ar nutso, muka bi shi daga nesa. Ya jefa damin a ruwa mara zurfi, gab da tutocin da kamfanin mai ya kafa a hanyar bututunsa. Wata mai kamawa za a haƙe wurin, babu mai leƙawa.

Renella ta nutsa. Da ta fito, sai da muka sa igiya muka jawo abin da ta gano.

Na bari har Lahadi, zauren coci ya cika, Clovis na tsakiya da kwanon miyar gumbo.

"Malama Eulalie, har yau mutuwa na tsoron bakinki?" in ji shi. Aka yi dariya.

"Kai take jira ka ƙoshi, tsohon banza. Na kawo maka kayanka."

Renella ta turo baro, ta juye anga, ƙarfen tsayar da jirgi, a gabansa, duk tsatsa da ɓawon kawa. A nan kowa kan rubuta sunansa da walda a jikin angarsa saboda ɓarayi. Na sa fada ya karanta sunan da ƙarfi. Cokali ya suɓuce wa Clovis.

"Tashi ka ƙara taka rawar nan," na ce. "Ban samu gani ba."

Jirgin Ozeme na kwance ƙarƙashin tutocin, gefensa a fashe. Angar da a da take rataye a goshin jirgin Clovis ce muka ciro daga inda ya fashe, can ta maƙale da ya doke shi. Ba a yi guguwa a daren ba.