Shafukan da Mama Ta Tsallake

Tun da likita ya sallamo Baba ya ce a kai shi gida a ci gaba da lallaɓa shi, hankalin Maman Auta ya ƙi kwanciya. Kowa ya san abin da irin wannan sallama take nufi. Ta shimfiɗa wa mahaifinta katifa a ɗakin ƙurya, ta ja ƙofa, ta kafa doka: Auta ba za ta shiga ba. Yarinyar da ko haƙoran gabanta ba su gama fitowa ba, me za ta je ta gani?

Maman Auta tela ce, kekenta na falo kusa da taga. Ranar nan da hantsi ta ɗinke hannun riga a baibai, ta farke, ta sake ɗinkewa a baibai. Ta tashi ta leƙa tukunya, ta dawo ta manta abin da ta gani. Gaskiyar magana ba ɗinki take yi ba. Taka keken take yi don ƙararsa ta danne numfashin da ke fitowa daga ɗakin ƙurya.

"Mama, yaushe zan ga mijina?" in ji Auta. Haka take kiran kakan nata, shi kuma ya ce mata amarya mai rowa.

"Na ce miki hutawa yake. Tafiya zai yi."

"Tafiya ina?"

"Ke dai jeki ki yi karatunki, kin tsaya mini a ka."

Auta ta tafi, amma ba littafin makaranta ta ɗauko ba. Wani tsohon littafi ta zaro, bangonsa ya yage, labarin wata marainiya da tsohon mai kwalekwale da ya riƙe ta. Maman Auta ta sha karanta mata shi. Sai dai duk lokacin da ta zo kusa da ƙarshe, takan haɗa wasu shafuka da yatsa ta juya su tare, ta ce tsohon ya yi tafiya, marainiya ta gaji kwalekwale, kowa ya yi murna. Wayon iyaye ne, kuma ya daɗe yana aiki, har makaranta ta ɓata shiri ta koya wa yarinyar haɗa baƙi.

Daga ƙarƙashin teburin yanka aka riƙa jin ƙunƙunin karatu, kalma ɗaya-ɗaya, da tuntuɓe. Can sai aka yi tsit. Shirun nan ya fi surutun damun uwar. Ta miƙe, ta zauna, ta nemi almakashi alhali yana hannunta.

Auta ta fito da rarrafe, yatsanta a tsakiyar littafin.

"Mama, wace irin tafiya ce ake haƙa wa rami?"

Ƙafar Maman Auta ta tsaya a kan keken. Numfashin ɗakin ƙurya ya cika falon.

"Wa ya ce ki taɓa littafin nan?"

"Ai ke kika ba ni." Ta buɗe shafin ta nuna. "Tsallakewa kike yi. Nan ba tafiya aka rubuta ba. Ya ra-su. Na karanta sau da yawa, bai canza ba."

"Auta, ke yarinya ce."

"Ita ma yarinya ce! Kowa ya gudu saboda tarinsa, ita kaɗai ta zauna. Kuma tana jin tsoro, an rubuta, har ƙafafunta na rawa. Ba ya iya shan ruwa, sai ta riƙa jiƙa tsumma tana shafa masa a leɓe." "Mama, wa yake jiƙa wa mijina leɓe?"

Babu kowa. Maman Auta takan shiga ne da magani a gaggauce, ta gyara matashi idonta na kan bango, ta fito kamar wadda ta bar abu a wuta. Ta ɗauka yarinya take karewa. Ashe ita ce ba ta iya kallon fuskar mahaifinta, dokar kuwa kanta ta kafa wa. Kunya ta kama ta, ga tsoro bai tafi ba.

Auta ba ta jira amsa ba. Ta sunkuya ta tsinci wani jan ƙyalle cikin ragowar yanka.

"Ajiye wannan, zuba yake yi," in ji uwar. Ta jawo farin yadin auduga, ta yanki gefe, ta wanke shi a famfo, ta ɗebo ruwa a kofi.

A bakin ƙofa Auta ta ja ta tsaya.

"Mama, ƙafafuna na rawa."

"Nawa ma. Tura."

Ɗakin na warin magani. Baba ya rame har katifar ta yi masa yawa. Ya buɗe ido da ƙyar, ya daɗe kafin ya gane ta.

"Amarya," ya ce can ƙasa. "Na zaci kin rabu da ni."

"Hana ni aka yi." Ta durƙusa, ta tsoma ƙyallen, ta shafa masa a leɓe a hankali. Ya tsotsi danshin ya lumshe ido. Ta sake tsomawa. Sannan ta yi masa tambayar da likita bai yi ba, 'yarsa ma ba ta yi ba.

"Kaka, kana jin tsoro?"

Maman Auta ta buɗe baki za ta tsawata, sai ta ga leɓen mahaifinta na motsi.

"Kaɗan," ya ce. "In ni kaɗai ne."

"To riƙe hannuna. Mama, ke zagayo ki riƙe ɗayan."

Ta zagaya ta durƙusa. Hannun ya yi sanyi, duk ƙashi, amma da ta sa nata a ciki sai ya damƙe.