Sanyin Maƙogwaron Mama Alisabatu

A unguwar Tudun Fulani, in ka ce Mama Alisabatu ba a gane ba, ka ce mai ba da waƙa a Zumuntar Mata, nan take za a nuna maka gidan. Mutuniyar Kuta ce, aure ya kawo ta Minna, mijinta Shekwolo kuma ya rasu da jimawa. Murya kam Allah ya ba ta. In ta ɗauko waƙa matan coci suka amsa, ana kaɗa tulu da caki, har masu acaba kan rage gudu a bakin titi.

Sai dai ƙirjin da ke fitar da wannan murya yana da asma. Kullum inhelarta na ƙulle a bakin zane. In numfashi ya soma yi mata fito sai ta kwance ta fesa, wani sanyi ya doki maƙogwaronta kamar ta haɗiyi ƙanƙara. To, a wurin Mama wannan sanyin shi ne maganin.

Ana nan, wata damina, autarta Hadassah, wadda ke aikin nas, ta kawo mata sabuwar inhela. Mama ta fesa, ta tsaya tana jiran sanyi. Shiru kake ji. Wani ɗan ɗumi-ɗumi kawai, da ɗanɗanon da ba ta saba da shi ba.

"Hadassah, wa ya sayar miki da iska?"

"Mama, maganin ɗaya ne. Abin da ke tura shi kawai aka canza."

"An dai cuce ki, da karatunki da komai. Jabu ne."

Ta jefa sabuwar cikin kwanon da take tara maɓallai, ta koma wa tsohuwar, wadda ta kusa ƙarewa. Ta aika kemis-kemis na Bosso, ta aika Sabon Gari, har direban motar Kuta ta ba saƙo. Kowa amsa ɗaya: irin wannan an daina kawowa.

Ga shi kuwa babban taron mata na gunduma ya matso, kuma matan Tudun Fulani ne za su buɗe shi ranar Asabar. In ƙirjin Mama ya ƙi, waƙa ta koma hannun mataimakiyarta Magdalene, mai murya da daɗi amma takan haɗiye rabin kalmomi.

Ran Laraba da la'asar, ana koyon waƙa bayan an ɗauke ruwa, Mama ta ja baiti na biyu, sai numfashi ya tsaya mata a wuya. Ta kwance zane, ta danna, ta sake dannawa. Gwangwani ya bushe. A Keke Napep aka kai ta gida, kafaɗunta na hawa da sauka.

Hadassah ta iso da kayan aiki a jikinta. Maƙwabciyarsu Hajiya Kubura, mai sayar da atamfa, ta riga ta shigo tana yi wa Mama fifita da murfin kwano.

"Maman Josiah, taurin kan nan naki zai kai ki inda ba a waƙa," in ji Kubura, wadda ke kiran Mama da sunan babban ɗanta. "Ga magani cikin maɓallai, ke kina nan kina fito kamar butar shayi."

"Ba na... shan... jabu."

Hadassah ta zauna a gabanta. "Mama, saurare ni. Sanyin nan da kike so, gas ne, irin wanda ake sa wa tsofaffin firji. In kin fesa kin fitar da numfashi, sama yake hawa. Can sama akwai wani rufi na iska da Allah ya shimfiɗa, ana ce masa ozon, shi ke tare mana mugun hasken rana mai ƙona fata da lalata ido. Wannan gas ɗin shi ke cin rufin. Shi ya sa ƙasashen duniya suka taru suka ce a daina yin sa."

Mama ta zaro ido. "Gas ɗin... firji... nake sha?"

Kubura ta tashi ta leƙa ta kan katanga. "Malam! Malam, zo ka ji, ashe maƙwabciyarka firji ce ba mu sani ba!"

Malam Mika'ilu, mijin Kubura, mai gyaran firji ne tun yana saurayi. Ya yi sallama ya tsaya a bakin ƙofa yana goge hannu da tsumma.

"Sannu Maman Josiah. Wallahi gaskiya 'yarki ta faɗa. Mu ma an raba mu da namu. Da can in za mu yi gyara, huda bututu muke yi, gas ya fita fuuu, muna hira abinmu. Yanzu a tukunya ake tara shi, an ba mu wani daban. Ni ma na yi ta mita, ki tambayi Hajiya. Sai da aka tara mu aka koya mana aiki kamar sababbin yaran shago."

Mama ta kau da kai. Sai da ta tara numfashi sannan ta faɗi abin da ke cin ta.

"Sun taru... sun yanke. Ni... wa ya tambaye ni?"

Kowa a ɗakin ya san halinta: Mama za ta ba ka zanen jikinta in ka roƙa, amma ko allura ba ka ƙwata a hannunta.

Kubura ta ajiye murfin kwanon. "Au, ke ce mai wannan magana? Shekarar da iska ta yaye rufin cocinku, wa kika bari ya huta a unguwar nan? Ni da ba na shiga cocin sai da kika ɗora mini kwanon yashi a ka! Kika ce kowa ya kawo abin da yake da shi."

Hadassah ta ɗauko sabuwar inhelar, ta kaɗe ta, ta durƙusa har ƙasa, ta miƙa da hannu biyu.

"To Mama, yanzu ana tambayarki. Ana gyaran rufin sama. Malam ya kawo nasa. Ke sanyin nan ake roƙo a wurinki. Za ki bayar?"

Mama ta dubi 'yarta, ta dubi Malam Mika'ilu, ta gyara zama kamar mai karɓar baƙi.

"Da haka... kuka ce... tun farko."

Hadassah ta girgiza inhelar, ta ce wa Mama ta fitar da numfashi tukuna, ta fesa ta ja a hankali, ta riƙe. Aka jira, aka sake. Ba sanyi, ba komai. Amma sannu-sannu fiton ya yi ƙasa, kafaɗu suka sauka. Can Mama ta ja iska har ciki, ta saki.

"Kai, wannan maganin ba ya sallama," ta ce. "Sai dai ka gan shi a tsakar ɗaki."

Ran Asabar ta tsaya gaban mata cikin anko, ta fesa abinta a idon kowa, ta ɗauko waƙa. Ta kai baiti na biyu ta wuce, ta kai na ƙarshe ta riƙe muryar har sai da mai tulu ta ɗaga kai ta dube ta. Guɗa ta kaure. Da aka zauna cin abinci, kafin a gama raba shinkafa, matan coci-coci har uku sun ji cewa ana gyaran rufin duniya, kuma ita da Malam Mika'ilu suna ciki.

Yanzu shekaru sun ja. Magdalene ce ke ba da waƙa, ta kuma koyi fitar da kalmomi. Mama na zama a ƙofar gida, Kubura a gefe. Kwanan baya aka faɗa a rediyo cewa rufin ozon ɗin nan yana haɗewa, masana sun auna sun gani, sai dai zai ɗauki shekaru da dama kafin ya koma yadda yake.

"Kin ji ko?" in ji Mama. "Aikinmu ya kama."

"Aikinku ke da wa? Ai ba za mu ga ƙarshensa ba, ni da ke."

"Yo dama wa ya ce don mu aka yi?" Ta juya cikin gida ta ɗaga murya. "Hadassah! Kira mini yayanki Josiah a waya, ya tara yaransa. Ina so su ji daga bakina, kada malamin makaranta ya riga ni."