Ƙafar 'Yar Tsalle

A takalmi na fara ganewa. Na hagu yana zaune daram a ƙafarta, na dama kuwa da ta ɗan taka sai ya zame. Na ɗauka wasa take yi, har na daka mata tsawa. Da na tsaya na duba sai na ga tafin ƙafar a sake yake, yatsun suna jan ƙasa. Sai ta ɗaga gwiwa sama kamar mai hawa bene kafin ta iya taku. 'Yata ke nan fa, wadda muke kira 'Yar Tsalle, don ba ta iya zuwa ko bakin ƙofa ba tare da tsalle ba.

Na san ranar da abin ya soma. Zazzaɓi ne ya kama ta, sai Yaya, yayar mijina, ta zo da gwangwanin allurarta. Yaya ta taɓa zama a shagon magani tana miƙa ƙwaya, tun daga nan 'yan unguwa ke ce mata Likita, ita ma ta amsa. Mijina ya danne yarinyar, Yaya ta soka allurar a tsakiyar ɗuwawu, can ƙasa. Kukan da ta yi ba na allura ba ne.

"Mama, wuta a ƙafata," take ta faɗa.

"Sangarta ce," in ji Yaya. "Kin ɓata ta da goyo."

Da ƙyar na samu aka yarda mu je asibiti, kuma Yaya ta ce da ita za a je. Muna zaune a benci muna jiran layi, mijina ya matso kusa da kunnena.

"In an tambaya, daga kan gado ta faɗo."

"Ba ta faɗo ba."

"Ke, Yaya ce ta rene ni. So kike a ci mata mutunci a gaban mutane?"

Yaya ta gyara jakarta a cinya, gwangwanin ya yi ƙara a ciki. "Rabu da ita, ƙanina. Sanyi ne ya shiga ƙafar. Muna komawa zan yi mata ta ƙarin ƙarfi, ka ga ta miƙe."

Tun da na shigo gidansu ban taɓa ɗaga ido na kalli Yaya ba. Na sunkuyar da kai, amma haƙorana sai da suka yi mini ciwo don cizo.

Likitar mace ce, da 'yar gudumar roba a aljihu. Ta ƙwanƙwasa gwiwar yarinyar, ƙafar ta zabura, 'Yar Tsalle ta yi dariya. Ta ce ta ɗaga yatsu sama. Na hagu suka tashi, na dama ko motsi. Ta shafa auduga a bayan tafin.

"Kina ji, 'yan mata?"

"A'a."

"Me ya same ta?"

"Faɗuwa ta yi daga kan gado," in ji mijina.

Likita ta juya ƙugu, ta lanƙwasa gwiwa, ta murza idon sawu. "Gaɓoɓin lafiya lau, babu kumburi. Faɗuwar gado ba ta cika yin haka ba. To, a je a ɗauki hoton ƙashin baya, a dawo mini bayan wata guda."

Ta ɗauki biro. Wata guda, yarinyata tana jan ƙafa, gwangwanin Yaya yana shiga ɗakina yana fita.

"Allura aka yi mata."

Muryar ta fito da ƙarfin da ban san ina da shi ba, har na bakin ƙofa suka leƙo. Mijina ya taka mini ƙafa. Na janye ƙafata.

"A ina, Maman yarinya?"

Na ɗora yatsa a daidai wurin. Likita ta ajiye biron.

"Akwai babbar jijiya da ke fitowa daga ƙashin baya, ta ratsa ta nan, ta gangara bayan cinya har yatsu. Ita ke kai wa naman ƙafa saƙo ya ɗaga tafin. Allurar ta same ta. Shi ya sa ake yi can sama ta gefen waje, ƙaramin yaro ma a cinya. Wa ya yi?"

"Yarinya, tun ba ki shiga makaranta ba nake allura," in ji Yaya. "Ba wanda ya taɓa kawo ƙara."

"Ga ta a gabanki, Baba," in ji likita. Ta juyo gare ni. "Kada a sake kusantar ta da allura sai a nan."

"Za ta warke?"

"Jijiya a hankali take farfaɗowa. Wata takan dawo duka, wata rabi. Gara da kika faɗa yau."

Aka ɗaura mata abin roba mai riƙe tafin a tsaye, aka koya mini yadda zan riƙa tura shi sama kullum don kada idon sawun ya sandare.

A hanya mijina bai ce komai ba sai, "Kin kyauta." Muna isa gida Yaya ta nufi ɗakina kamar yadda ta saba. Na riga ta, na tsaya a ƙofa, na kalle ta cikin ido.

"Yaya, ke ki shiga. Jakar ta tsaya a waje."

"Da wa kike magana haka?" in ji mijina.

"Da wadda ta soki 'yata. Kai kuma da ka danne ta, in kana da abin faɗa, faɗa wa ƙafar."

Ya kalli 'Yar Tsalle tana jingine da bango, takalmi ɗaya a hannu. Yaya ta ja tsaki, ta juya da jakarta.

Na rufe ƙofa, na zaunar da yarinyar a tabarma, na kama tafin na tura sama.

"Ɗaga yatsunki."

Ta yamutsa fuska, ta riƙe numfashi. "Mama, sun motsa?"

"Tukuna. Sake."