Kifin Da Ba a Ci

Jatau masunci ne tun kakanni. Ƙauyensu yana bakin gulbi ne a ƙasar Maradun, yana kuma cikin waɗanda ruwa ya cinye da aka datse gulbin don gina dam ɗin Bakolori. Dangi suka watse, wasu suka koma sabon matsuguni a kan tudu, wasu suka bi ruwa har Yawuri. Matarsa Batulu ta rasu kafin tashin, ba su da ɗa. Shi sai ya gangaro Talata Mafara da tabarma da buta.

A nan Alhaji Zubairu ya tsince shi. Ɗan kasuwa ne mai kawo wa Turawan aikin dam kayan gwangwani daga Legas, ya kuma lura matansu na son ajiye ƙananan kifaye masu launi a ɗaki, don kallo kawai. Ya kama shago kusa da gidajensu, ya jera akwatunan gilashi, ya jawo wuta daga janaretansu don injin da ke hura wa ruwan iska, ya sa Jatau tsaron shagon.

"Kai ka san kifi," in ji Alhaji, "amma wanga ba irin naku ba ne. Duk wanda ya mutu kada ka yar. Shanya shi ka soke a zare. In na dawo na ga gawa, na san mutuwa ce, ba sata ba."

Maganar ta sosa Jatau.

Mutumin da ya sha cika kwando da tarwaɗa ko a jikinsa, yanzu ga shi kowace safiya yana leƙen gilashi da faɗuwar gaba. Wanda ya tarar ya juya ciki sama, sai ya tsamo shi da ludayi, ya shanya a kan kwano. Kafin azahar ja da shuɗin nan duk sun gudu, sai ɗan abu kamar busasshen ganye. Jajaye zarensu daban, masu dogon wutsiya nasu daban. In Alhaji ya zo ya duba zaren, wanda ya fi tsawo sai ya daina sayo irinsa.

Ba mai hira da Jatau. Turawa da yatsa suke nuni. Mutanen gari kuwa, in sun leƙo, tambayarsu ɗaya ce: "Ana ci?" In ya ce a'a, su yi dariya su wuce. Har ya saba magana da kifin in yana ba su abinci, yana faɗa musu wane ne ya tafi yau.

Da aiki ya zo ƙarshe, Turawa suka fara ɗaure kaya. Kowace mata sai ta kawo masa nata kifin a kwalba, ta ajiye, ta ɗaga masa hannu. Shagon bai taɓa cika haka ba, kuma babu mai saye. Alhaji ya tafi Legas, aka ce ya koma harkar siminti. Daga baya aka kashe janareta.

Ruwa ya tsaya cik. Kifin suka taso sama suna buɗe baki. Jatau ya riƙa ɗiban ruwan da ƙwarya yana kwararo shi daga sama don iska ta shiga, har kafaɗunsa suka yi tsami. Duk da haka suna tafiya. Bai daina shanyawa ba, ko da yake ya san ba mai zuwa dubawa. Zare ya ƙare, ya koma tsaga kaba.

Ranar kasuwar Bakura ya kai 'yan ragowar. Wata tsohuwa ta daɗe tana kallo, ta ce, "Allah mai iko," ta wuce abinta.

Sai ya tuna da Bawa, abokin kamun kifinsa tun suna yara, wanda ke sabon matsugunin. Ko ba komai Bawa zai so ganin kifi, tunda tudun nan ba gulbi. Ya rufe kwalbar da tsumma, ya hau a-kori-kura, ya rungume ta a ƙirji kada ruwan ya zube.

Ya tarar da gidan Bawa a toshe da ƙaya. Maƙwabciya, Kubura, ta fito suka gaisa, ta tambayi gajiya da hanya da mutanen Mafara.

"Ai Malam Bawa ya tahi Yawuri tun bara," ta ce. "Ya ce shi ba ya iya zama inda babu ruwa."

Jatau ya zauna a dakalin ƙofarta. Ta kawo masa fura, ya yaye tsumman, ta duƙa tana kallo.

"Baba, mi suka ci?"

Ita ce ta farko da ta yi masa wannan tambaya. Ya gaya mata: dusa kaɗan, ruwan rijiya da ya huce, kada rana ta buge su. Ya bar mata kwalbar.

Da ya dawo Mafara ya wanke akwatunan, ya kife su, ya miƙa wa mai shago makulli. Washegari ya samu aikin gadi a bakin magudanar ruwan gonakin shinkafa, can wajen gari, inda sai a wuni ba a ga mutum ba.