Ƙoƙuna Biyar na Saude

Sunana Bakari. A wani tsibiri cikin fadamar Guri aka haife ni, a nan na yi noma da kamun kifi har gemuna ya yi fari. Karatuna bai wuce na salla ba. Abin da ya faru zan faɗa, ba ƙari.

'Yata ɗaya ce, Saude. Mijinta ya bi ayarin kanwa zuwa Kukawa, bai dawo ba. Jakinsa abokan tafiya suka koro mana, yana ɗingishi da ƙafar baya. Saude ta dawo gidana da jakin da 'yarta, 'Yar'azumi.

Saude tana zanen ƙwarya da ƙarfe mai zafi. Sauran mata layi suke ja da ɗigo-ɗigo. Ita dabbobi take yi. Na ce mata ba a zana mai rai a gidana. Ta ce to. Ba ta daina ba.

Masassara ta ɗauke ta a farkon damina. Kwana huɗu ta yi a kwance. Bayan sadakar bakwai na ga ƙoƙuna biyar cikin tukunyar kayanta, wannan cikin wannan, kowanne da zanensa. A babban, yarinya tana cire wa jaki ƙaya. A na biyu tana ba kare ruwa. A na uku ta kifa kwando kan 'yan tsaki, ga shirwa a sama. A na huɗu tana korar ƙuda daga gyambon akuya. Na biyar, ƙaraminsu, hannuwa ne kawai suna kwance dabaibayi, igiyar da muke haɗa wa jaki ƙafafun gaba da ita don kada ya yi nisa.

Na ɗauko taɓarya zan fasa su. Yarinyar ta kwanta a kansu. Na bar ta.

Shekararta shida. Tun ranar da aka binne uwarta ta daina magana da mutane. Da hantsi sai ta kwashi ƙoƙunan ta tafi gindin tsamiya inda jakin yake kiwo, ta fito da su ɗaya bayan ɗaya, tana nuna masa, tana faɗa masa abin da ke jiki da irin muryar uwarta. "Ka gani, ƙaya ce. Tsaya, ba zafi." In na matso ta yi shiru. Malam ya yi rubutu ta sha, ba abin da ya sauya. Ni ba mai wasan jika ba ne, ban taɓa ce mata amaryata irin na sauran tsofaffi ba. Amma ina so in ji ta ce mini Kaka. Wannan ban gaya wa kowa ba.

Kowace shekara ruwan kogi yakan zo ya tsaya a bakin gonar maƙwabcina Shu'ibu. Wannan shekarar bai tsaya ba. Ranar Laraba da azahar ya shigo zaure. Ari mai fito ya zo da jirginsa zai kwashe mu zuwa tudu. Sa'ana ne, tare aka yi mana kaciya.

"Bakari, za ka fito, ko sai ruwa ya gaishe ka a kan gado?"

"Kama hatsin nan, ka rage surutu."

"Jakin fa? Jirgina ba ya ɗaukar dattijai biyu."

"Ya yi iyo a baya."

"Da wace ƙafar? Kwance shi ka bar shi. Akwai jigawa ta arewa har Guri, ruwan bai kai gwiwa ba. Jaki ya fi ni da kai sanin hanya."

Gaskiyarsa. Haka muke yi tun kakanni: dabbar da jirgi bai ɗauka ba a kwance ta, ita ta san tudu. Na ce zan kwance. Sai gindin rumbu ya zauna, na ruga na ceto irin shuka, dami biyu. Muka shiga. Mu tara ne a jirgin, har da Larai matar Shu'ibu da 'ya'yanta.

Ari ya sa gwangwala ya tura. Mun yi kamar nisan jifa biyu, na waiwaya. Jakin yana gindin tsamiya, yana 'yan tsalle da ƙafafun gaba a haɗe. Sai na tuna.

"Kaka."

Kowa ya juya. Wata uku ba ta yi wa mutum magana ba.

"Kaka, ka kwance shi?"

Larai ta dafe ƙirji. "La'ilaha illallahu! Ta yi magana! 'Yar nan, sake faɗa mu ji!"

Yarinyar ba ta kalle ta ba. Ni take kallo, ƙoƙunan suna cinyarta. Ari ya tsai da gwangwala.

Shekara arba'in ina zagin samari kan mantuwa. Na taɓa marin ɗan Shu'ibu a gaban jama'a don ya bar akuya a ɗaure cikin ruwan sama. Ga shi nan zaune a gabana, ya zama magidanci. In na ce a koma, kafin la'asar duk Guri ta ji Bakari ya tsufa.

Na ce, "Na kwance."

Ari ya tura.

Washegari da safe na ce wa Ari na bar gatarina. Ya kai ni. Ruwa ya kai wuyan mutum a tsakar gidana. Jakin yana maƙale a jikin tsamiyar, ya soma kumbura. Na nutsa na lalubi ƙafafun. Igiyar ta sha ruwa, ƙullin ya ƙi, sai da na sa wuƙa. Na hau jirgi da ita a hannu.

Ari ya dubi igiyar. "Gatarin ke nan?"

"Tura jirgi."

Ya tura. Har muka iso bai tsokane ni ko sau ɗaya ba. Ban taɓa ganin Ari haka ba.

Na sami yarinyar a tudu, zaune a inuwar zana. Na ajiye igiyar a gabanta.

"Ban kwance shi ba. Ya mutu."

Ban taɓa ce wa babba na yi kuskure ba, balle yaro. Na tsaya ina jiran kuka. Ba ta yi ba.

"Na sani," ta ce. "Na ga yana tsalle."

"To me ya sa kika tambaye ni?"

"Ko za ka ce a koma."

Ta naɗe igiyar, ta sa cikin ƙaramin ƙoƙon, ta mayar da shi cikin na huɗu, har suka koma ɗaya. Ta ɗaure su da tsumma.

Daga ranar bakinta ya buɗe. Larai ta raba waina sadaka, mutane suka yi ta yi mini barka. Tana magana da yara, tana magana da mata a bakin rijiya. Ni ma tana amsa mini. In na kira ta ce na'am. Ta kawo tuwo, ta durƙusa, ta ajiye, ta tashi. Ba ta taɓa yi mini rashin kunya ba. Kaka dai ba ta sake cewa ba.

Yanzu tana Kaugama da 'ya'ya uku. An ce tana nuna musu ƙoƙunan. Huɗu ta tafi da su. Na biyar ta bari a ɗakina da igiyar a ciki. Yana nan bayan randa. Ban fasa shi ba.